Kare ɗaya, magani uku: a daina wannan haɗin

Yau maganar karnukan gadi ce da kyanwoyin da muke ajiyewa a gona saboda ɓera.

Da damina ta kankama, kaska da ƙuma sukan yi wa kare yawa. Sai ka ga an yi masa wanka da maganin kaskar shanu, an ɗiga masa na bayan wuya, gobe kuma a danna masa allurar ivermectin, wai a haɗa ƙarfi. Ni dai ban yarda da wannan ba, kuma ba don tausayin kare kaɗai ba.

Sunan da ke jikin kwalba daban, sinadarin da ke ciki daban. Diazinon da dichlorvos, wanda ke cikin Sniper, 'yan gida ɗaya ne, hanya ɗaya suke bi su taɓa jijiya. In ka haɗa su, guba ka ninka. Sniper ma ai ba na jikin dabba ba ne sam. Kare zai fara dalalar da miyau, ya riƙa karkarwa da tangaɗi, ga amai da zawo.

Kyanwa ta fi shiga haɗari. Hantarta ba ta iya sarrafa permethrin, wanda ke cikin magungunan karnuka da yawa. Ba sai an shafa mata ba, ta goga jikinta da na karen ta lashe gashinta ma ya isa ya sa ta farfaɗiya. Amitraz shi ma ba nata ba ne.

To masu kifi, ku ne kuka fi ba ni tsoro. Permethrin da cypermethrin ɗan kaɗan ke kashe kifi. Ina ruwan wankan karen yake gangarawa? Da wane bokiti aka dama maganin? In shi ne yaron gona zai ɗauka gobe ya tace 'ya'yan tarwaɗa, wallahi kuɗin wata uku na iya tafiya a dare ɗaya, a zo ana zargin mai ƙyanƙyasa.

Masu kaji kuma a tuna abin da ya faru a Turai a 2017. An gano fipronil, sinadarin da ke cikin Frontline na karnuka, a cikin ƙwai daga gonakin Holan da Beljiyam, saboda an cakuɗa shi a maganin feshin ɗakunan kaji. Miliyoyin ƙwai aka janye daga kasuwa. Saboda haka ragowar na kare kada ya je kan kaza mai ƙwai.

Wani zai ce ai likitoci ma suna haɗawa. Haka ne, amma da awo, bayan sun san nauyin dabbar da shekarunta da abin da aka ba ta jiya. Wannan daban da damawa a murfin jarka.

In ƙuma ta dawo bayan sati biyu, yawanci ba maganin ne ya gaza ba. Ƙwanta da tsutsarta suna cikin buhun da karen ke kwanciya da ƙasar wurin. A share, a ƙona tsummokaran, a sassabe ciyawa, a maimaita magani ɗaya a lokacin da takardarsa ta ce.

In kuma an riga an haɗa, dabba ta fara karkarwa, a wanke ta da sabulu da ruwa mai ɗumi-ɗumi nesa da kududdufin kifi. Kada a tsaya ɗura mata manja ko madara, a kai ta wurin likitan dabbobi tare da duk kwalaben da aka yi amfani da su.