Bindigar Dirty Harry: abin da fim ya sayar wa Amurkawa

1/ Zare 🧵
Duk wanda ya taso da kallon finafinan Amurka ya san bindigar nan. Doguwar libarba mai ƙyalli, jarumi ya ɗaga ta da hannu ɗaya ya harba, mugu ya tashi sama ya fasa taga ya faɗa waje. A ganina yawancin masu sayenta a can jarumin suke saye, bindigar kuma ta fi ƙarfin hannunsu.

2/ Sunanta Smith & Wesson Model 29, harsashinta .44 Magnum. A 1955 ya fito, haɗin gwiwar Smith & Wesson da kamfanin harsashi na Remington. Wanda ya matsa aka yi shi wani makiyayi ne kuma marubuci a jihar Idaho, Elmer Keith. Shekaru ya yi yana ƙara wa tsohon harsashin .44 Special albarushi, yana neman abin da zai kayar da babbar dabba.

3/ Ku riƙe wannan fa, don farauta aka ƙera ta. Barewa, aladen daji, beyar. Shekara 16 tana kasuwa, mafarauta da 'yan tsirarun masu sha'awa ne suka damu da ita.

4/ Sai 1971 Don Siegel ya fitar da Dirty Harry. Clint Eastwood ya fito a ɗan sandan San Francisco, Harry Callahan. Akwai wurin da ya tsaya kan wani ɗan fashin banki da ke kwance, ya gaya masa wannan ce libarba mafi ƙarfi a duniya, kuma shi kansa ya manta ko biyar ya harba ko shida. Minti biyu ba su cika ba, amma wallahi babu tallan da kamfanin ya taɓa biya da ya yi masa aiki irin wannan.

5/ Shaguna suka ƙare. Mutane suka shiga layin jira, farashi ya haura wanda kamfani ya yanka. Ma'aikacin ofis da bai taɓa ganin beyar ba sai a gidan zu, shi ma yana son tasa.

6/ Masu shagon bindiga a Amurka suna da wani tsohon barkwanci: wai za ka ga Model 29 ta hannu, sabuwa fil, an kawo ta da kwalin harsashi mai 50, saura 44 a ciki. Wato maigidan ya cika ta sau ɗaya, ya harba shida, hannunsa ya gaya masa gaskiya, ya mayar da ita. 😂

7/ Abin dariyar ma, a kashi na biyu, Magnum Force na 1973, Harry da bakinsa ya gaya wa wasu matasan 'yan sanda cewa harsashi mai sauƙi yake sakawa don ya fi iya sarrafa ta. Jarumin da kansa ya rage wuta. Masu saye dai ba wannan wurin suka haddace ba.

8/ To me ke faruwa in ka ja kunamar? Bindigar ta haura kilo 1.3, ƙarfin harsashinta kuma ninki biyu zuwa uku ne na 9mm da 'yan sanda ke amfani da shi. Tana tokarar tafin hannu, bakinta ya yi sama, wuyan hannu ya amsa. Bayan harbi kaɗan jiki ya koyi tsoro, sai mutum ya fara runtse ido yana danne bindigar ƙasa tun kafin ta tashi. Harsashi ya tafi inda ba a aike shi ba. Masu koyar da harbi sun san wannan cuta, kuma tana da wuyar fita in ta kama mutum.

9/ Maganar mugu ya tashi sama kuwa, mu koma darasin Newton na sakandare. Kan harsashin bai wuce giram 16 ba, yana gudun kusan mita 400 a daƙiƙa. In ka lissafa turin da zai yi wa mutum mai kilo 70, bai kai santimita 10 a daƙiƙa ba. Tafiyar kunkuru kenan. Da yana iya jefa mutum ta taga, da mai harbin ma ya faɗa ta tagar baya. Igiya ake ɗaura wa ɗan wasan a fizge shi.

10/ Kada a fahimce ni baibai, harsashin yana kisa, mummunan kisa ma. Yana huda jiki ya wuce, ya huda bangon katako na irin gidajensu, ya samu wanda ke ɗakin gaba.

11/ Sai kunne, wanda fim ba ya taɓa nunawa. Ƙarar da ta haura desibel 140 tana iya lalata ji nan take, magnum kuwa tana haura 160. A filin koyon harbi kowa da abin toshe kunne. A fim jarumi ya harba cikin mota ko ɗaki a rufe, ya juyo yana raɗa da abokinsa. Haba.

12/ Akwai kuma 'yar tazara tsakanin gangar harsasai da bututun, inda wuta da iska mai zafi ke fita ta gefe. Wanda ya kai yatsa wurin a manyan magnum, yatsan na iya tsagewa. Baƙon hannu da ya kwaikwayi riƙon fim shi ne ya fi faɗawa wannan.

13/ Tambayar da nake yi wa masu cewa ita ce maganin ɗan fashi: me ya sa waɗanda harbi ne aikinsu ba sa ɗaukarta? 'Yan sandan Amurka sun bar libarba tun shekarun 1980 da 1990. FBI ta gwada manyan harsasai, ta dawo kan 9mm, a 2016 ta ba Glock kwangila. Dalilinsu shi ne jami'i ya fi saurin harbi da samun saiti. Glock 17 na cin harsashi 17, Model 29 shida.

14/ Gaskiya dai akwai masu hujja. Mai kamun kifi a Alaska da zai iya cin karo da beyar, ya rataya .44 a ƙirji, ba ni da ta cewa. Mafarauci da ya yi shekaru yana atisaye, haka. Mai tara tsofaffin bindigogi don ƙirarsu ta burge shi, shi ma na gane, don aikin ƙarfen yana da kyau, ba ƙarya. Da wanda ya ga fim ya ajiye ta ƙarƙashin matashi nake magana.

15/ Kuma kamfanoni sun gano lagon. Colt ta daina ƙera Python, libarbarta ta .357 Magnum. Sai The Walking Dead ya fara a 2010, Rick Grimes na yawo da ita, farashin ta hannu ya yi tashin gwauron zabi. A 2020 Colt ta dawo da ita. Smith & Wesson kuma a 2003 ta fitar da Model 500, kilo 2, harsashi biyar, don ta ƙwato kambun da Harry ya ɗora mata, wanda wasu harsasai irin .454 Casull suka karɓe.

16/ Mai sayen bindiga don tsaron gida yana hango ranar da ɓarawo zai shigo. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC wata rana suke nunawa. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, sama da rabinsu da hannunsu suka kashe kansu. Wannan lissafin na duk bindigogi ne, amma ko wacce iri ce, a gida take kwana, kusa da mai ɓacin rai da yaro mai bincike.

17/ Kafin wani ya tambaya a ƙasa: a Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka haramta, sai da lasisin shugaban ƙasa. Don haka a bar tambayata nawa ne kuɗinta.

18/ Ko wurin ɗaukar fim ɗin ma ba ta bar su ba. A 1984 Jon-Erik Hexum, ɗan shekara 26, yana wasa da .44 Magnum mai harsashi fanko a wurin ɗaukar shirin Cover Up. Ya ɗora a gefen kansa ya ja. Babu dalma a ciki, ƙarfin albarushin kaɗai ya fasa ƙashin kansa, ya mutu bayan 'yan kwanaki.

19/ A ranar 31 ga Maris 1993, Brandon Lee ɗan Bruce Lee yana ɗaukar The Crow a Wilmington, jihar North Carolina. Wani kan harsashi ya maƙale cikin bututun .44 Magnum tun a wani ɗauka na baya, ba wanda ya duba. Aka saka fanko aka harba, fankon ya turo shi waje kamar harsashin gaske, ya same shi a ciki. Shekararsa 28, saura 'yan kwanaki a gama fim ɗin.