Kusurwar Fasaha: Ku kwashe faya-fayan gida kafin su mutu

Da hutun nan na je gida Daura, ƙanwata ta zaƙulo wani faifan DVD daga ƙasan akwatin Inna. Wani kawunmu ne ya ɗauki bidiyon shekarun baya: kakarmu, Allah ya jiƙan ta, tana tsaye a bakin rijiyar Kusugu tana ba mu labarin Bayajidda da macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Muka saka, ya yi minti goma sha biyu, sai ya tsaya cak. Aka goge da gefen riga, aka hura masa iska, ina! Sauran muryarta ta tafi.

Faifan da aka buga a shago, wato DVD-R, ba irin na kamfani ba ne. Wani rini ne a cikinsa da ake ƙonawa a rubuta bayanai, kuma zafi da hasken rana suna cin sa a hankali. Ku tuna zafin Afrilu a ɗakin kwano.

Aikin hawa biyu ne. Na farko kwashewa: ku sami kwamfuta mai gidan faifai, ko na waje da ake jonawa ta USB, ku kwafe komai yadda yake. A DVD ku nemi jakar VIDEO_TS, a VCD kuma MPEGAV. Na biyu matsewa, domin ya shiga waya. Manhajar HandBrake kyauta ce. Ku zaɓi MP4 da H.264. Akwai H.265 da ya fi ƙanƙanta fayil, amma tsofaffin wayoyi da talabijin da yawa ba sa buɗe shi, ni dai ban ga amfanin bidiyon da Inna ba za ta iya kallo ba.

Inda na fi ganin ɗalibai na kuskure shi ne girman hoto. VCD 352x288 ne, DVD irin namu 720x576 a faifai mai cin 4.7GB, shi kuwa Blu-ray da ya fito a 2006 yana da 1920x1080 a faifan 25GB ko 50GB. In ka ɗauki VCD ka ce wa manhaja ta mai da shi 1080, ba abin da ka ƙara sai nauyi. Abin da kyamara ba ta ɗauka ba, ba zai fito ba. Wasu kuma su matse shi kamar yadda masu tura fim a waya suke yi, har fuskar mutum ta koma kamar an dama kunu. Matsewa zubar da wani abu ce, kuma ba ya dawowa. Saboda haka kada ku goge kwafin farko. Ku ajiye shi wuri biyu, ɗaya ba a gidanku ba.

Maganar bidiyon suna, biki, saukar karatu da hawan sallah nake yi. Kwafar fim ɗin Kannywood a sayar ko a raba satar fasaha ce, kuma akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ɗan garinmu Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023.

Minti goma sha biyun nan na kwashe su a daren. Yanzu suna wayar Inna, da kwamfutata, da hannun yayana a Katsina.