Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

A unguwar da na tashi akwai wani tsoho da ba ya rabuwa da dakalin ƙofar gidansa. Kowace safiya sai ya shimfiɗa buzunsa, ya jingina sandarsa da bango, ya zauna yana kallon masu wucewa. In ranar wani biki ta zo, sai ya fito da wata rigar kaki wadda ta koɗe, ya maƙala mata lambobi uku a ƙirji. Mu kuwa yara sai mu taru nesa kaɗan muna ƙame masa, muna buga ƙafa muna cewa “lef-rai, lef-rai,” har ya ɗaga sanda mu watse muna dariya. Wani lokaci yakan kira mu ya fara ba mu labarin wani kogi wai shi Kaladan, da dajin da rana ba ta ratsa shi, da ruwan sama na wata da watanni, amma ba mai tsayawa ya ji ƙarshen labarin. A ganinmu ruɗewar tsufa ce. Ranar da ya rasu aka yi masa sutura aka kai shi, bayan kwana uku aka tashi daga zaman makoki, lambobin nan kuwa ban san inda suka shiga ba. Sai da na zo jami’a na buɗe littattafan tarihi, sa’an nan na tarar ashe Kaladan kogi ne na gaske a ƙasar Burma, ashe kuma duk abin da tsohon nan yake faɗi gaskiya ne. Kunyar da ta kama ni ran nan ita ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Maganata, ya ku ’yan’uwana ɗalibai da yayyenmu sababbin ma’aikata, ita ce mun iya kirari amma ba mu san inda ya kamata mu kai shi ba. Wanda ya sa ransa a bakin halaka domin mu kwana lafiya yakan tsufa ba a san sunansa ba, wanda kuwa ya zo bayan ƙura ta lafa ya yi jawabi, shi ake sa wa titi sunansa. Hausawa sun riga sun gama maganar da suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bari mu fara da ’yan mazan jiya, tun da su ne suka fi daɗewa suna binmu bashi. A Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta ɗebi samari daga Nijeriya da Gwalkwas, watau Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. A shekarar 1941 sojan Nijeriya suna cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiyawa, suka bi su har cikin ƙasar Habasha. Daga 1943 kuma aka fara ɗaukarsu a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa Burma, wadda tsofaffinmu ke kira Bama, yau kuwa ana ce da ita Miyanma. Wajen mutum 90,000 ne ’yan Afirka ta Yamma suka je wannan fage, fiye da rabinsu ’yan Nijeriya. Runduna ta 81 ta yi ta fama da Japanawa a kwarin Kaladan cikin 1944, inda babu hanyar mota, sai dai a ɗauki albarusai da abinci a ka, sauran guzuri kuwa jirgin sama ya jefo. Runduna ta 82 ta bi bayanta, aka haɗu aka ci garin Myohaung cikin Janairu 1945. Har ila yau bataliya uku na Nijeriya sun yi yaƙi tare da mayaƙan da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke a bayan sansanin abokan gaba. Harshen bariki a lokacin kuwa Hausa ne, har hafsoshin Turawa sai da suka koye shi kafin su iya ba da umurni.

Yau in ka je Zariya za ka ga barikin Chindit, a Kaduna akwai Kalapanzin, a Ikko akwai Dodan da Myohaung, a Badun akwai Letmauk. Duk waɗannan sunaye daga yaƙin Burma suka fito. Dubi abin mamaki, mai karatu: mun adana sunayen koguna da ƙauyukan wata ƙasa mai nisa, mun rubuta su da manyan baƙaƙe a ƙofar bariki, amma sunayen ’ya’yanmu da suka zubar da jini a wuraren nan ba mu riƙe su ba. Mutum nawa ne a cikinmu zai iya kawo sunan kofur ko saje ɗaya daga gundumarsu wanda ya je Burma?

Da aka gama yaƙi suka komo gida, da yawansu ba su sami abin da suka yi tsammani ba. Wasu suka koma gona, wasu suka zama masinjoji da masu gadi. A Ankara, ran 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin soja suka yi jerin gwano za su kai wa Gwamna kukansu game da haƙƙoƙinsu, ’yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka gaggauta ’yancin Gana a 1957. Mutanen Gana dai sun riƙe sunayen nan uku, kowace shekara suna tunawa da su.

Na sani wani ɗan’uwa zai tashi a zauren muhawara ya ce, “Ai waɗannan yaƙin Bature suka yi, don me za mu girmama wanda ya ɗauki bindiga domin ya kare mulkin mallaka?” Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa zan kauce mata ba. Lalle yaƙin ba namu ba ne, kuma ba duka ne suka tafi da son ransu ba; wasu talauci ya kai su, wasu hakimi ko dagaci ne ya nuna su da yatsa domin a cika adadin da Razdan ya nema. To, amma in an zalunci mutum an kai shi yaƙin da ba nasa ba, sa’an nan mu kuma muka share shi daga tarihi saboda ya je, ashe ba mun taya azzalumin ƙarasa aikinsa ba ke nan? Mulkin mallaka daban, yaron da aka raba da uwarsa aka kai shi bayan teku daban. Ban da haka ma, ba su kaɗai ne ’yan mazan jiya ba. Akwai waɗanda suka je kiyaye zaman lafiya a Kwango daga 1960, da na yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da na Laberiya da Saliyo bayan 1990, da waɗanda suka bar ƙafa ko ido a dajin Sambisa. Waɗannan fa tutar Nijeriya ce a kafaɗarsu.

Kowace shekara ran 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa, akan yi bikin tunawa da su. Manya su sa furanni, a busa bigila, a saki fararen tattabaru, a sayar da ’yar alamar nan ta maƙalawa a riga. Ban ce a daina ba. Sai dai fure ba ya sayen magani, tattabara kuma ba ta biyan kuɗin makarantar maraya. In gari ya waye ran 16, tsohon soja ya koma layin tantance ’yan fansho da sandarsa, matar mamaci kuma ta ci gaba da yawo daga wannan ofis zuwa wancan da takardun mijinta a cikin leda.

Bayan mazan jiya akwai mazan yau, waɗanda ke tare da mu muna wuce su a hanya ba ko sallama. Ɗauki ɗan kwana-kwana. In gobara ta tashi kowa gudu yake yi daga wuta, shi kaɗai ne aikinsa ya nufe ta. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, ya san abin da nake nufi. Ba kuwa wuta kaɗai ba: yaro ya faɗa rijiya su ake kira, wani ya nutse a kududdufi su ke shiga su ciro shi. Duk da haka in motarsu ta makara, domin lungu ya yi ƙunci ko ’yan kallo sun tare hanya, sai ka ga an tarye su da zagi, wani lokaci har da jifa. Ba mai tambayar wanda ya ba da izinin gina shago a kan hanyar mota, ko wanda ya kamata ya tanadi famfon ruwa a kasuwa bai yi ba.

Ɗauki kuma matan nan masu bi gida-gida da ɗan akwatin ƙanƙara suna ɗiga wa yara maganin shan inna. Ran 8 ga Fabrairu 2013 ’yan bindiga suka harbe ma’aikatan rigakafi tara a Kano. Waɗanda suka saura ba su ajiye akwatunansu ba, suka ci gaba, har ran 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna mai yaɗuwa da kanta. An yi jawabai, an ba manya lambobi. Sunayen mutum taran nan fa, a wane bango aka rubuta su? Haka nan cikin Satumba 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, samari da masunta da ’yan agaji suna cikin waɗanda suka shiga ruwa da kwalekwale suna ɗebo tsofaffi da yara. A Yuni 2018 kuwa Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa, a Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato, ya ɓoye mutum fiye da 200, yawancinsu Kirista, a gidansa da masallacinsa, ya tsaya a gaban maharan ya hana su shiga. Shi an ji labarinsa, har gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo a 2019, domin ’yan jarida sun isa ƙauyensu. Irinsa nawa ne ’yan jarida ba su isa gare su ba?

A nan dole in ja kunne. Ba duk wanda ya rataya bindigar toka ya kira kansa ɗan sa kai ne jarumi ba. Wanda ya kwana yana sintiri domin ya kare unguwarsu, ya kama ɓarawo ya miƙa shi ga hukuma, ya cancanci yabo. Wanda kuwa ya kashe mutum a kasuwa saboda ƙabilarsa ko kamanninsa, ba bincike ba shari’a, wannan mai laifi ne, yi masa kirari kuwa ƙara wa wuta fetur ne. Ma’aunin jarumi shi ne rayukan da ya ceta.

To, mene ne namu a ciki? Ku ’yan’uwana ɗalibai, mu ne muke da alƙalami, kuma kusan kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Waɗanda suka je Burma sun kusa ƙarewa ƙaf, waɗanda suka yi yaƙin basasa kuwa yawancinsu sun haura shekara 70. Ina roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta ɗora wa kowane ɗalibi aikin hutu guda: ya nemi tsohon soja ɗaya, ko ɗan kwana-kwana, ko ungozoma, ko ɗan agaji a garinsu, ya durƙusa ya gaishe shi, ya zauna ya ɗauki labarinsa daga bakinsa, ya rubuta sunansa da shekarun aikinsa. In mun komo a tara, a ajiye kwafi a laburaren jami’a, a aika wani Gidan Arewa da ke Kaduna, inda ake adana tarihin ƙasar nan. Ƙungiyoyin ɗaliban jihohi da na garuruwa kuma, waɗanda suka saba kiran mai kuɗi su ba shi allon yabo domin ya ba da gudummawa, su gwada ko sau ɗaya su kira direban motar kwana-kwana su zaunar da shi a kujerar babban baƙo. Wanda ya fi kowa cika girmamawar kuwa shi ne wanda ya bi sawunsu, ya je ya ba da jini a asibiti, ko ya koyi aikin taimakon gaggawa wurin ’yan agaji.

Ku kuma yayyenmu da kuka fara aikin gwamnati, naku ya fi namu nauyi, domin girmamawar gaske a kan teburinku take. Fayil ɗin nan mai ƙura da ke ƙarƙashin sauran, wataƙila na wata gwauruwa ne mai ’ya’ya biyar wadda mijinta ya mutu a bakin aiki. Duk ranar da kuka ce mata “je ki dawo gobe,” kun ƙara mata kuɗin mota da kwana guda na yunwa. In tsoho ya shigo ofishinku yana dogara sanda, ku miƙe ku ce, “Baba, sannu da zuwa, zauna nan,” ku duba takardarsa kafin ta kowa, kada kuma ku bari wani ya nemi na goro a hannunsa. Nan da ’yan shekaru waɗansunku za su zama manyan sakatarori da shugabannin ƙananan hukumomi. In ranar ta zo, ku tuna da kayan aikin ’yan kwana-kwana a kasafin kuɗi, da inshora ga iyalan wanda ya mutu wajen ceto, in kuma za a raɗa wa sabon titi ko asibiti suna, ku tambayi mutanen unguwa wa ya taɓa tsaya musu ranar wuya.

Kada mu manta, matasa suna kallo. Yaron da ya ga tsohon soja yana bara, ya ga kuma an naɗa wa wanda ya wawure dukiyar jama’a rawani, ya riga ya koyi darasin da ba malamin da zai iya goge masa. Ranar da gobara ta zo gidanmu, wannan yaron ne za mu sa ran ya shiga ya ɗauko mu.

Ni dai tsohon unguwarmu ya riga ya tafi, ban nemi gafararsa ba, ban ji ƙarshen labarin Kaladan ba. A unguwarku wataƙila akwai wani yana nan zaune a kan dakali, yana jiran wanda zai tsaya ya saurara. In hutu ya zo, ku fara da shi.