A Ba Yaranmu Daɓen Wasa

'Yan'uwa, akwai maganar da muka saba faɗa wa yaro da zarar gemu ya fara tsiro masa: "Kai, ka girma, bar wasa." Da kyakkyawar niyya muke faɗinta. Amma kwanan baya wani saurayi a Gummi ya nuna mana hoto mai motsi a wayarsa, na wani dattijo mai furfura yana juyi a kan ɗan katako mai taya huɗu, yara sun kewaye shi suna tafi. Muka koma gida muna tunanin ko maganar nan tamu daidai ce.

Katakon nan Turawa suna ce da shi siketbod. Wasansa ya yi rassa: akwai masu hawa gangaren siminti, akwai masu tsallake matakala a titi, akwai kuma reshen da ake kira firistayil, wanda mu za mu ce masa wasan daɓe, gama ba ya bukatar kome sai fili shimfiɗaɗɗe mai santsi. A nan ne mutum zai tsaya a gefen katakon, ya juya shi da yatsun ƙafa, ya yi katantanwa a kan taya biyu, wani ma ya kafa hannu ƙafafunsa a sama katakon yana tafiya da shi.

Gwanin wannan reshe shi ne Rodney Mullen, wanda aka haifa a Filorida ta Amurka a 1966. Yana ɗan shekara 10 ya fara, mahaifinsa kuwa, likitan haƙori, bai so ba, sai da yaron ya yi alkawari zai bari ran da ya ji ciwo. A garejin gidansu ya riƙa koyo shi kaɗai. A 1980 ya zama zakara yana da shekara 14, cikin gasa 35 da ya shiga kuma ya ci 34. Shi ne ya nuna yadda za a daka tsalle da katakon daga ƙasa shimfiɗaɗɗiya ba tare da an sa masa hannu ba, dabarar da masu wasan titi suke dogara da ita har yau.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da ya biyo baya. Wajen 1991 kasuwar wasan daɓe ta mutu. Matasa suka koma titi, kamfanoni suka daina ƙera irin katakonsa, gasa ta tsaya, Mullen kansa ya bi ayari. 'Yan kaɗan suka rage, ana yi musu dariya, suna sassaƙa nasu katakon suna haɗuwa a wuraren ajiye motoci. Suka yi aure, suka haihu, suka yi furfura, ba su bari ba. A 2012 aka fara wata gasarsu ta duniya a Cloverdale ta ƙasar Kanada, inda dattijo da ɗan jikansa suke shiga fili ɗaya. Ko da aka shigar da siketbod cikin gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021, har wata yarinya 'yar Japan mai shekara 13, Momiji Nishiya, ta ci zinariya, reshen daɓe ba a sa shi ba. Masu shi ba su fasa ba. Ashe ba lambar yabo ce ta riƙe su ba, junansu ne.

To, mu fa? Wanda duk ya tashi a ƙasar Anka ko Bukkuyum ya san langa. Ka riƙe ƙafa ɗaya da hannu, ka yi ta tsalle a kan ɗayar, abokan hamayya suna neman su ture ka. Natsuwar jiki da langa take koyarwa ita ce ta mai tsayawa a gefen katako, ba bambanci. Langa har ta shiga Gasar Wasanni ta Ƙasa tare da dambe da kokawa. Amma a unguwanninmu wane magidanci ne zai tuɓe riga ya nuna wa yara yadda ake kare ruwa? Kunya ba za ta bar shi ba. Kowane tsara yana barin wasan tun bai miƙa shi ga na baya ba, sa'an nan mu zauna muna kukan waya ta ɗauke hankalin yara.

Amma kada mu ɗora wa kunya laifi duka, gama fili ma ya ƙwace mana. Ba mu manta da 2010 ba, sa'ad da likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukanmu. An riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurarsa ta gauraye da ƙasar da jarirai suke rarrafe a kai. Dareta, Abare, Sunke, Bagega a ƙasar Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum: yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa ba a kai gare ta ba sai 2013. Bayan wannan 'yan bindiga suka zo, mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin Anka suna gudun hijira, dandalin farin wata ya zama wurin tsoro. Yaron da aka haifa a shekarar dalma yanzu saurayi ne, da wuya kuma ya taɓa samun filin da uwarsa za ta sake shi da kwanciyar rai.

Wani zai ce, mutanen da suke neman na tuwo ina ruwansu da katakon Turawa? Yana da gaskiya, kuma ba mu ce a saya ba. Tsadarsa ta fi ƙarfin yawancinmu. Wani zai tuna da samarin Kano masu takalmin taya da suke kama bayan mota a titi, ya ce haɗari ne. Wannan ma gaskiya ne, amma rashin fili ne ya kai su titi. A unguwar Kitintale ta Kampala, matasa ne suka kwaɓa siminti da hannunsu a 2006 suka gina nasu filin, ba su jira gwamnatin Uganda ba. Yaranmu kuwa tun tuni suna harhaɗa keken katako da boris ɗin da bakanike ya yar.

Shawararmu ƙarama ce. A harabar makaranta ko ta majami'a, cikin gari inda ido yake gani, a zuba daɓen siminti kamar taku goma sha biyar kowane gefe, a bar gefensa da yashi domin langa. A buɗe shi ga yaran unguwa duka, na kowane gida, da na masu gudun hijira. A samu dattawa biyu ko uku da za su jure dariyar jama'a su shiga wasan da kansu, ko sau ɗaya a mako. Yashin kuwa kada a ɗebo shi kusa da wurin niƙan dutse ko wankin zinariya, a kuma roƙi ma'aikatan lafiya su gwada ƙasar wurin kafin birkila ya fara aiki.