'Ya'yanmu Na Ingila Da Tallafin Kuɗin Haya: A Bincika Kafin A Nema

Da yawanmu a nan Sabo muna da ɗa ko jika a Ingila, yana hayar ɗaki guda a gidan da ake tarayya a kicin da banɗaki. Ana ta cewa wai gwamnati ce ke biya musu haya. Ba haka abin yake ba.

Tun 2012, wanda bai kai shekara 35 ba, kuma ba aure ba yara, gwargwadon kuɗin ɗaki guda kawai ake ba shi, ko da gida sukutum ya kama. Yawanci ta Universal Credit ake nema yanzu. Harajin kansila kuwa, tun 2013 kowace kansila ke tsara rangwamenta. In kowane ɗan haya da yarjejeniyar ɗakinsa daban, mai gida ne ke biyan harajin.

To ga inda haɗarin yake. Mai bizar karatu ko ta aiki an hana shi taɓa kuɗin tallafin gwamnati. In ya karɓa ya saɓa sharaɗin biza, yana iya rasa zamansa. Amma cikakken ɗalibi ba ya biyan harajin kansila. Wannan haƙƙinsa ne, takardar shaida daga makaranta kawai zai kai.

Don haka muna kira ga iyaye, mu rage matsa wa yaran nan da buƙatu bisa zaton kyauta suke zaune. Mu ce su duba sharuɗɗan bizarsu, su nemi shawara a Citizens Advice, kyauta ce, kafin su cika kowane fom. Allah ya tsare mana su, amin.