Adon ɗaki: Abin da ya kamata matafiyi ya ɗauko daga ƙetare

Ma'aikacin tarayya da aiki ya kai shi Dubai ko Istanbul ko Jidda, da wuya ya dawo wayarsa ba ta cika da hotunan falon otal ba: labule daga sama har ƙasa, kafet mai kauri daga bango zuwa bango, fitilun lilo da kujeru masu ruwan zinari. Kafin wata ya zagayo an kwaikwayi hoton a wani gida a Gwarinpa, daga nan kuma ya bi waya zuwa ga dangi. Tafiya mabuɗin ilimi ce, babu mai musun haka. Abin tambaya shi ne wane ilimi ake dawowa da shi, kuma babu inda za a auna amsar kamar unguwannin Hausawan Legas, musamman Agege.

Cinikin goro ne ya zaunar da Hausawa a Agege, layin dogon da ya haɗa Legas da Kano a 1912 kuma ya ƙara wa zangon ƙarfi. Yau filin jirgin saman Murtala Muhammed yana maƙwabtaka da unguwar, don haka alhazai da 'yan kasuwa ba sa rabuwa da shigo da sabon yayi. Sai dai da yawa daga mazaunan a gidan haya suke, ɗaki ɗaya ko ciki da falo, cikin gari mai yawan ruwan sama da danshi, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas. Falon Dubai an tsara shi ne domin na'urar sanyaya ɗaki da ba ta tsayawa. Idan aka dasa shi a Agege, kafet ya sha laima ya yi fumfuna, labule mai nauyi ya tare iska, manyan kujeru su cinye wurin da yara za su kwanta. Iyayen amarya sun ci bashi domin jeren, amarya kuma ta koma shan iska a bakin ƙofa.

Ga kuma tsada. Daga 2015 zuwa Oktoban 2023 kayan ɗaki suna cikin jerin abubuwan da Babban Bankin Najeriya ya hana wa dala a farashin hukuma. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dalar da take ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya nace sai kayan waje yana biyan wannan bambancin ne daga aljihunsa, ko daga aljihun surukinsa.

Legas kanta tana da darasi a kan aron da ya yi albarka. A ƙarni na 19 bayin da suka sami 'yanci suka dawo daga Brazil, waɗanda ake kira Aguda, sun zo da sana'ar gini da sassaƙa a hannunsu. Suka gina benaye masu dogayen tagogi da baranda, waɗanda suka dace da zafin gari, suka kuma koya wa 'yan ƙasa. Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894 yana nan tsaye a tsibirin Legas a kan wannan salo. Abin da ya ƙetaro teku fasaha ce, shi ya sa ta yi saiwa.

Irin wannan idon ake so matafiyi ya buɗe. Mai zuwa Umara da ya ratsa tsohon birnin Jidda, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, zai ga tagogin katako masu ƙananan ramuka da ake kira rawashin. Suna shigo da iska, suna rage hasken rana, suna kuma suturta iyali daga idon mai wucewa. Duk buƙatun nan uku gidan Bahaushe a Agege yana da su, kuma kafinta mai hannu zai iya yin tagar idan an ba shi awo. Haka zaman ƙasa na Larabawa, katifu da matasai a jikin bango: da rana falo, da dare a shimfiɗa a kwanta, lokacin salla kuma ga fili. Wanda ya shiga gidajen tsohon birnin Fas a Maroko zai tarar da hasken gida da iskarsa duk daga tsakar gida suke fitowa, abin da maginan Kano da Zariya suka daɗe da sani. Wani lokaci sai mutum ya yi nisa yake gane darajar abin da ya baro.

Za a ce kayan waje sun fi kyawun gamawa, kafintan gida kuma ga saɓa alkawari, ga ɗanyen katako. Akwai gaskiya a nan. Amma sana'a ba ta gyaruwa idan masu kuɗin saye sun juya mata baya. Mai albashi mai tsoka ne zai iya cewa sai busasshen katako, ya biya farashinsa, ya ƙi karɓar aikin da bai yi ba. Da haka kafinta yake ƙwarewa, har talaka ya amfana. Da haka kuma dukawa masu tintimin fata, masaƙan tabarma da marina za su sami kasuwa.

Za a kuma ce kowa da kuɗinsa. Sai dai yawancin tafiye-tafiyen ma'aikata da hadiman manya da kuɗin jama'a ake yin su, abin da ya sa Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da su na wata uku daga Afrilun 2024. Falon babban ma'aikaci kuma ma'auni ne ga dangi, abin da aka gani a gidansa shi za a nema wa 'yar da za a aurar. Ya dace ya zaɓi abin da ƙaninsa mai sayar da goro a Agege zai iya kwaikwaya ba tare da ya jinginar da jarinsa ba, domin kayan aro ba ya rufe katara.