Kalma Ɗaya, Riguna Huɗu

Jama'a, ko kun san sunan Fatakwal Turanci ne? Port Harcourt ne bakin Bahaushe ya lanƙwasa, don ba mu da "p", sai "f". A 1909 aka gano kwal a Udi, kusa da Inugu, Turawa suka nemi inda jiragen ruwa za su riƙa ɗaukarsa. Suka kafa garin a 1912, Gwamna Lugga ya sa masa sunan Lewis Harcourt, Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, a 1913. Hanyar jirgin ƙasa ta haɗa shi da Inugu a 1916. To, a nan ma'anar "port" tashar jiragen ruwa ce, irin wadda Anacha ma take da ita a bakin Kwara.

Amma wanda ya tsaya nan bai rabu da jahilci ba. Ga matuƙan jirgin ruwa, "port" shi ne gefen hagun jirgi in ka fuskanci goshinsa, inda ake kunna jar fitila da dare. A kantin Turawa kuwa wata giya ce da ta samo suna daga birnin Porto na ƙasar Fotugal. Ga mai gyaran kwamfuta, ramin nan ne da ake soka waya. Ashe ɗan Hausawan Fatakwal yana iya jin kalmar nan sau huɗu a yini, kowace da manufarta.

Kukana ga 'yan'uwana masu shirin zama malamai ne. Sau da yawa mukan jera kalmomi a allo, kowace da fassara ɗaya tak, yara su haddace kamar karatun aku. Ran jarrabawa kalmar ta zo musu da wata riga, su kasa gane ta. Laifin wa? Namu ne.

Wani zai ce ma'ana huɗu ta yi wa yaro yawa. Haba! Yaron nan ya san an ci tuwo, an ci kasuwa, an ci amana, an ci jarrabawa, bai taɓa ruɗewa ba, don cikin magana ya ji su. To, haka za mu yi da Turanci. Kada mu ba da kalma tsirara, sai cikin jimla. Mu koya wa yaro buɗe ƙamus ya karanta ma'anonin duka, sa'an nan ya zaɓi wadda ta dace da zancen da ke gabansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.